Ɗaki a Kan Turmi

Ku 'ya'yana, na san abin da kuke faɗi a bayan idona game da akwatin ƙarfen nan na bayan gida, wanda yanzu kaji ke ƙwai a cikinsa. Wasunku na cewa wayo ne ya yi mini yawa, wasu na cewa tsufa ne. Duk ba haka ba ne. Wauta ce tsagwaronta, kuma ban aro ta wurin kowa ba, tawa ce ta kaina. Ni da boko iyakarmu aji biyu. Ranar da malam ya ce in je in karyo tsumagiyar da zai dake ni da ita, na tafi nema, har yau ban koma ba. Saboda haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake. Amma labarin akwatin nan gara ku ji shi daga bakina, don in uwarku ce ta ba da shi, gishiri take ƙara masa, ni kuma ta rage mini tsawo.

Ku ba ku san golmo ba sai a baki. Mu a ƙasar Zuru, a zamaninmu, ba a ba ka mata sai ka yi wa ubanta noma damina bayan damina, kai da abokanka, har bayanka ya san ka yi aure tun kafin a ɗaura. Ni a wani ƙauye kusa da Mahuta na yi nawa. Duk shekarun nan ban taɓa shan ruwa a gaban surukina ba, ban taɓa taka tabarmarsa ba. Ranar da hadari ya tsare ni a can, a gindin wata ɗorawa na kwana, bayan shinge, sauro na yi mini sannu da aiki. Haka na tashi na gani, kuma haka na riƙe. To in yaro na jin kunyar uban matarsa haka, ina ga shi uban ya kwashi gemunsa ya je ya kwanta a gidan mijin ɗiyarsa, yana jin tarinsa ta bango, da safe su yi karo a ƙofar bayi kowa da butarsa? Ni dai na ce ba da ni ba.

Babbar yayarku, wadda ba na kiran sunanta don ita ce ta fari, soja ta aura, kamar rabin 'yan matan garin nan. Saje ne, yaro mai ladabi, ban da abin da zan ce da shi. Aka yi ta yawo da su daga wannan bariki zuwa wancan, har aka ajiye su can ƙasar Yarabawa, bayan an haye babbar gada. Ɗaki da falo aka ba su. Uwarku ta je, ku ma wasunku kun je hutu, ni ko sau ɗaya. In sun zo gida mu gaisa, ina kallon ƙasa tana kallon ƙasa. Daga baya zuwan ma ya yi wuya, yara sun yi yawa, aka daɗe ban sa ta a ido ba.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan an gama girbin dawa, aka bugo waya cewa tana da ciki kuma cikin na ba ta wahala. Ƙafafu sun kumbura, likita ya hana ta hawa mota balle ta zo gida haihuwa. Uwarku ta gama wayar, ta ajiye, ta tsaya a kaina ina cin tuwo.

"Malam," ta ce. Haka take kirana, ni da ban san bihim ba. "Yarinyar nan ta ce a gaya maka tana son ganinka. Ba ta taɓa faɗin haka ba. Tsoro take ji."

Na ce, "To in na je ina zan kwana?"

"A kan bishiya," in ji ta. "Ai ka saba."

Na ture kwanon tuwon gefe. Ina son zuwa, Allah ya sani. Masaukin haya kuwa na san Saje ba zai bari ba, zai zo ya durƙusa a ƙofa har sai na bi shi, barikin duka su ce ya wulaƙanta surukinsa. Na rasa ta yi, sai na kai kukana gindin mangwaron Kofur Danladi, maƙwabcinmu a nan Rikoto. Kun san shi, tsohon soja ne, Kirista, mun yi golmo tare muna samari, kuma duk wata muguwar shawara da na taɓa bi a duniya daga bakinsa ta fito. Ya saurare ni yana sosa ƙeya, sannan ya ce lokacin da aka kai su aiki ƙasar waje ya ga Turawa na yawo da gidajensu. Iri biyu ne. Akwai mota wadda ita kanta ɗaki ce, direba na gaba, gado da murhu na baya. Akwai kuma ɗaki mai taya wanda ake ɗora wuyansa a bayan akori-kura, kamar yadda tirela ke ɗora bodinta a kan kai, a ja shi, in an isa a sauke.

"Ka ga ke nan," ya ce, "ka je gidan suruki, amma a gidanka ka kwana. Direba, ni ban san abin da za ka yi ba ranar da na mutu."

Akori-kura kuwa ina da ita, tsohuwar nan da na yi shekaru ina ɗauko hatsi da ita daga Kanya. Muka ɗunguma wurin Emeka mai walda, Inyamurin nan na bakin kasuwa da ya fi ni jin Hausa. Ya buɗe wayarsa ya nuna mana hotuna, wasu har da labule da fure a taga. Ya ce duka biyun zai iya. In mota mai ɗaki nake so, akwai wata tsohuwar bas a bayan shagonsa, a cire kujeru a sa gado, amma sai na rabu da akorina. In na ja nake so, zai ƙera akwati, ya dasa faranti na ƙarfe a tsakiyar bayan akori, da wata ƙatuwar ƙusa da za ta riƙe su.

Gardamar da aka yi a gidan nan a kan zaɓin nan, ko ranar rabon gado ba na jin za ku yi irinta. Ni da farko bas ɗin ta kwanta mini, don na hango kaina ina tuƙi uwarku na miƙo mini shayi ta baya. Ita kuwa ta ce atafau.

"In ta lalace a Kwantagora fa? Mota ta shiga gareji, gida ya shiga gareji, ni ma na shiga gareji. In kwanta bakanike na ƙarƙashin gadona yana buga guduma? Kuma inda ake zuba mai nan zan hura wuta? In kai ka gaji da duniya, ni da saura."

Na ce na ja ɗin ma ai ba a san halinsa ba, abu na bin ka a baya ba ka ganinsa, kamar mai bin bashi. Ta ce ita shekara nawa tana bi na a baya ban gan ta ba, kuma ba ta ɓace ba. Ta ce wancan in an isa sai a sauke shi a huta, a ɗauki mota a je kasuwa, ba sai an tafi sayen gishiri da gado da tukwane ba. Emeka ma bayanta ya bi, ya ce injin bas ɗin nan shi kansa ba ya yarda da shi in ba ya kallonsa. Har na sakko. Sai Kofur, wanda ba a tambaye shi ba, ya gyara zama ya kawo abin da ya lalata komai.

"Tsaya, Direba. Akwai magana. Abin da ke da inji matafiyi ne, ko a tsakar gidan sarki ya tsaya, a hanya yake. Wanda ya kwana a cikinsa a mota ya kwana. Amma wannan akwatin, da zarar ka zare ƙusa ya sauke ƙafafunsa a ƙasa, ya zama ɗaki. Ƙasar wa ya taka? Ta surukinka. Ka ga ka gina ɗaki a gidan suruki ke nan, ka fi wanda ya kwana a falo laifi."

Na kwana ina juya maganar nan, na ga ba ta da makusa. Da safe na fito da hukunci irin na masu hikima: za a yi na ja don a faranta wa uwarku, amma ba za a taɓa sauke shi ba. Kuma don kada shaiɗan ya rinjaye ni, na je na ce wa Emeka kada ya yi masa ƙafafun gaba ko kaɗan. Ya ajiye abin waldarsa ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube ni.

"Baba, amfaninsa ke nan fa. Kamar ka sayi wando ne ka ce a ɗinke ƙafafun."

Na ce da shi, ni da wandona.

Ya ƙera shi da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Taga biyu, gado, ɗan wurin risho, da ƙofa a gefe. Uwarku ta sa labule. Kofur ya so a rubuta wani abu a jiki, na hana, sai da muka yi nisa na gane ya sa an rubuta "Kunya Adon Tsoho" a baya inda ba na gani. Muka loda dawa, daddawa, kuka, man shanu, da wani ɗan akuya da uwarku ta ce na mai jego ne, muka kama hanya ta Rijau. Gaba dai lafiya lau yake tafiya. Abin da ban gwada ba kafin mu tashi shi ne baya, don a ganina mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tuƙi ba a koya masa ribas. A wani gidan mai na fara sanin cewa in ka murɗa hagu shi dama yake nufa, in ka bi shi dama ya naɗe ya zo yana leƙenka ta taga. Tun daga nan na daina tsayawa duk inda ba zan iya fita ta gaba ba. Masu tsaron hanya kuwa kowane shinge sai sun leƙa. Wani ya tambaya ko gawa muka ɗauko, uwarku ta ce masa a'a, tana gaba tana tuƙi.

Da muka isa bariki na so in tsaya a bakin titi daga waje, sojan ƙofa ya ce ba a ajiye ko keke a wurin. Saje ya fito da gudu, ya zube a ƙasa yana gaisuwa yana kallon tayar gaba, ni ina amsawa ina kallon ta baya. Ya shiga gabanmu a kan babur, muka bi shi cikin wani lungu tsakanin dogayen gidaje, igiyoyin shanya na shafar rufinmu, yaran bariki na bin mu da ihu, har ƙofarsa. Sai da na kashe mota na lura cewa gaba tankin ruwa ne a kan dogayen ƙafafu, da 'yar kafa tsakaninsa da bango wadda akori kaɗai za ta iya ratsawa. Na ce a raina, ranar tafiya Allah zai kawo dabara.

Yayarku ta fito tana dafa bango. Na ga fuskarta ta kumbura har idanun sun shige, amma abin da bakina ya iya cewa shi ne, "An same ku lafiya?" Ta ce lafiya lau. Aka kawo mini kujera na ce ina da tawa. Aka kawo abinci na ce muna da namu. Haka muka yi kwanaki: uwarku na ciki wurin ɗiyarta, ni ina zaune a ƙofar akwatina kamar mai sayar da kati, in buta ta kama ni in taka har masallacin bariki. Jikokina na shigowa su yi tsalle a kan gado. Saje kuwa, don kada ya ratsa ta gabana, ta tagar bayan gida yake fita aiki, da kakinsa da takalmansa. Wata maƙwabciyarsu Bayarabiya, Maman Tunde, ta tambayi uwarku ko wata cuta gare ni da aka keɓe ni. Uwarku ta ce eh, tun yana yaro.

Ranar da abin ya zo, da azahar ne, rana tsaka. Na ji salatin uwarku daga ciki, irin wanda ban taɓa ji ba, ta fito hannunta da jini ta ce a kawo mota yanzu. Motar asibitin bariki ta fita da wani. Saje na da babur kawai. Ya zo gabana, karo na farko ya dube ni cikin ido, ya ce, "Baba."

Na shiga na tayar, na sa ribas. Akwatin ya nufi hagu ya murƙushe akurkin kajin wani. Na gyara, ya nufi dama ya tsinke igiyar shanya, ya naɗe har ya daki ƙofar akorin. Gumi ya rufe mini ido. Sojoji na ta ihu, wannan na cewa murɗa nan, wancan na cewa murɗa can, cikin harsuna wajen biyar. Uwarku ta zo ta kama tagar da hannu biyu.

"Malam, zare ƙusar nan."

Na ce, "Ba shi da ƙafafu."

"To ka sa naka!"

Maman Tunde ce ta cece mu. Ta ƙwala wa matan layin kira da Yarabanci, sai ga su suna gangaro da turamen sakwara, irin manyan nan da yaro zai iya ɓuya a ciki. Aka kifa biyu a ƙarƙashin wuyan akwatin, aka ɗora katako. Sojoji suka sa kafaɗa suka ɗaga, Saje a tsakiyarsu, ni kuma da hannuna, ba wanda ya tilasta ni, na zare ƙusar na jefar. Ɗakina ya sauka ya zauna daram a ƙofar surukina, a kan turmin maƙwabtansa.

Aka sa ta a gaba tsakanina da uwarku, Saje ya haye baya ya rungume farantin ƙarfe. Na ratsa kafar nan ta gindin tanki, madubi ɗaya ya tafi, ban waiwaye shi ba. A hanya kanta ya faɗo a kafaɗata, ta kama hannun rigata ta riƙe, tana cewa Baba, Baba, muryar na ƙanƙancewa. Tun tana jaririya ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Na ji tana yin shiru, sai na ji wani tsoho a cikin motar yana kiran sunanta da ƙarfi, yana cewa ta buɗe ido, ga asibiti nan. Uwarku ta juyo ta dube ni, kuma abin mamaki har yau ba ta taɓa sa wannan a cikin nata labarin ba.

Aka shiga da ita. Ni da Saje muka zauna a benci ɗaya don babu wani, shi a wannan ƙarshe ni a wancan. Da aka daɗe ya tashi ya sayo ruwan leda biyu, ya ajiye ɗaya a tsakiyar bencin, ya kau da kai. Na sha. Kafin la'asar ta yi sanyi wata ma'aikaciya ta fito ta ce an yi aiki, an samu namiji, uwa ta farfaɗo. Saje, ƙaton soja, ya kifa kansa a gwiwata yana kuka, ni kuma na rasa inda zan sa hannuna, sai na ɗora a kan ƙeyarsa.

Ranar na koma na faɗa kan gado ko takalmi ban cire ba. Da gari ya waye ƙwanƙwasa ce ta tashe ni. Na buɗe, Maman Tunde ce da taɓarya a hannu.

"Baba, sannu da jiya. Turmi."

Sai a lokacin na tuna a kan me na kwana, da kuma a ƙasar wa. Na duba jikina, ba abin da ya ragu. Aka kawo bulo aka canza mata turminta. Tun da an riga an jiƙe, na ce ba sauran gudun ruwa: na shiga falon, na zauna a kujerar Saje, na ci tuwon gidan, har na nemi ƙari. Da labari ya iso Rikoto, Kofur ya bugo waya musamman don ya sanar da ni cewa bisa dokarsa yanzu ni ɗan haya ne a gidan surukina, in tambaya ko da kuɗin wuta. Na ce masa dokar tasa ta ci madubina da kajin mutane, in na dawo za mu yi shari'a.

Bayan suna na shirya komawa, uwarku za ta zauna wankan jego. Sojoji suka taru suka juya akwatin da hannu kamar ana juya gawar giwa, aka mayar da ƙusa. Ina zaune a mota ina ɗumama inji sai ga yayarku ta fito a hankali, jaririn a kafaɗa, ta tsaya a tagar da ba madubi. Ta tambaye ni kwana nawa muka yi a hanya da za mu zo. Na ce ɗaya, shi ma don ɗan akuyan nan ya yi ta amai ne. Ta jinjina kai tana gyara wa yaron hula, sannan ta faɗi maganar da na yi ta juyawa tun daga babbar gada har Rikoto.

"Ashe ba nisa," ta ce. "Ni kuwa duk shekarun nan ce wa yara nake yi, kakanku na son zuwa, hanyar ce ta yi masa nisa."